Daga Gusau Zuwa Gidan Goga: Aikin Sistocin Katolika a Ƙasar Zamfara



Maganar da za a yi yau ta shafi waɗansu mata ne Kirista, mabiya ɗarikar Roman Katolika, waɗanda jama'a suka fi sani da sunan sista, da irin zaman da suka yi a ƙasar Zamfara tun daga shekarar 1956. Watakila wani ya ce a ransa, ina ruwan ɗalibin da ya taso a gidan Musulmi, ko ma'aikacin da yake fama da fayil a ofis, da labarin matan mishan? Ruwansu kuwa shi ne, matan nan sun ɗauki wani aiki wanda yanzu yake wuyan hukuma, watau kula da mace mai ciki da jaririnta, suka kai shi wani wuri suka tsaya. Wanda aka ɗora wa sauran tafiyar ya kamata ya san yadda na gabansa suka yi tasu, da abin da ya tsai da su.

Domin a sami ma'auni, sai a ɗauki gari guda a riƙe shi a zuci har ƙarshen magana. Garin nan shi ne Gidan Goga, cikin ƙasar Maradun, maƙwabciyar Bakura da Talata Mafara. Gari ne na manoma da makiyaya, masu gero da dawa da wake, kamar su Faru da Kaya da Janbako da Gora da suke ƙaramar hukuma ɗaya da shi. A ƙaddara ga wata yarinya a can da cikin fari, naƙuda ta kama ta tun daren jiya, ga shi rana ta take ba ta sauka ba, ga damina, rafi ya kawo. Duk wani aikin lafiya da aka taɓa yi a lardin nan, na mishan ne ko na En'e ko na gwamnati, da wannan yarinya za a auna shi: ya iske ta, ko kuwa bai iske ta ba?

Bahaushe ya fara jin kalmar sista a asibiti ne, inda ake kiran babbar ma'aikaciyar jinya da ita. Ma'anarta 'yar'uwa, kuma asibiti aro ya yi daga wajen masu ibada, domin a Turai shekaru aru-aru matan da suka keɓe kansu saboda addini su ne masu jinyar marasa lafiya. Sista ta addini takan ɗauki alkawari uku a bainar jama'a. Na farko, ba za ta mallaki kome na kanta ba. Ko albashi ta samu, asusun gidan da take zaune tare da 'yan'uwanta zai shiga. Na biyu, ba za ta yi aure ba har ta koma ga Mahaliccinta. Na uku, za ta yi biyayya ga shugabarta, inda duk aka tura ta nan za ta. Ba a kuwa ɗaukar alkawarin nan da garaje. Yarinya takan fara da zaman gwaji na watanni, sa'an nan ta shiga horo na shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ta yi alkawari na ɗan lokaci wanda ake sabuntawa, shekara uku ne ko har shida, kafin a yarda ta yi na har abada. A tsakanin nan ƙofa a buɗe take, kuma da yawa sukan ga ba za su iya ba, su koma gidan iyayensu.

A idon Bahaushe alkawari na biyun nan shi ne mai wuyar haɗiya. Musulunci bai ɗauki ƙin aure a matsayin ibada ba, al'ada kuma ba ta da suna mai daɗi ga mace baliga mai lafiya wadda ba ta ƙarƙashin miji ko uba. Amma in an ajiye maganar aure a gefe, ragowar al'amarin ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda takan naɗa jaji, mace dattijuwa amintacciya, ta sa mata malfa, ta tura ta ƙauye ta tattaro mata, a koya musu addini da kyawawan ɗabi'u cikin waƙoƙi na Hausa da Fulatanci. Abin da Nana ta gane shi ne, namiji kome ilminsa iyakarsa zaure. Mace ce take sallama ta wuce cikin gida, ciwon 'ya mace kuwa na 'ya mace ne.

Su ma Turawa ba su gane wannan da wuri ba. Ɗaruruwan shekaru matan ibada na Katolika a kulle suke bayan katanga, kulle mai tsanani wanda ya fi na cikin birnin Kano ko Sakkwato. Dominik, mutumin Sifen wanda ya kafa ƙungiyar da ake kira da sunansa, gidan mata ya fara kafawa a kudancin Faransa a 1206, shekara goma kafin Paparoma ya amince da ƙungiyarsa ta maza, amma matan a kulle suka zauna suna addu'a. Sai a 1633 a birnin Faris aka sami ƙungiyar mata masu shiga unguwannin matalauta suna jinya, ita ma sai da aka yi dabara, aka ƙi kiran su da sunan da zai sa dokar kulle ta hau kansu. Rum ba ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi cikakken matsayi ba sai a 1900. Abin da ya fi shafar wannan magana kuwa a 1936 ya faru. Kafin wannan shekara dokar coci ta hana sista karɓar haihuwa da aikin fiɗa, don ana ganin bai dace da wadda ta yi alkawarin ƙin aure ba. Mata likitoci da shugabannin coci na ƙasashen mishan, musamman na Indiya inda matan kulle suke mutuwa don ba za su je wa likita namiji ba, suka yi ta kai kuka har aka ɗage dokar. Shekara guda bayan haka, a nan Nijeriya, wata 'yar ƙasar Ailan mai suna Mary Martin ta kafa ƙungiyar sistoci masu aikin asibiti zalla, ta yi alkawarinta tana kwance ba lafiya a asibitin Fatakwal. Watau da a ce matan da suka zo Gusau sun rigayi lokacinsu da shekara 25, da ba su da ikon taɓa mai naƙuda.

Ta ɓangaren Arewa kuma akwai wani shinge. Sa'ad da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawari gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, Razdan-Razdan da suka biyo baya kuwa suka fassara alkawarin da cewa ba za a saki 'yan mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Shi ya sa limaman Katolika na farko da suka zauna a arewacin Binuwai suka sauka a Shandam a 1907, nesa da ƙasar Hausa. Abu biyu suka sassauta shingen. Na ɗaya kuturta, domin a shekarun 1930 aka bar mishan ta SIM ta riƙe zangon kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Na biyu jirgin ƙasa. Reshen dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya dire a Ƙauran Namoda a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga yana sauke akawuna da direbobi da 'yan kasuwa daga Kudu, da yawansu Katolika. Inda suka yi Sabon Gari sai fada ya biyo su, inda fada ya zauna kuma sai a nemi sista saboda makarantar 'yan mata. Haka aka yi a Kakuri ta Kaduna, inda sistoci suka kafa kwalejin da yanzu take ɗauke da sunan Sarauniya Amina, haka kuma aka yi a Kano, inda sistocin Sen Luwis suka iso daga Ailan a 1948.

A 1953 Rum ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta danƙa wa limaman ƙungiyar Dominik na Shikago ta ƙasar Amurka, aka naɗa Edward Lawton ya shugabance su. Ko da yake sunan Sakkwato yankin yake ɗauke da shi, a Gusau ya fara zama, domin nan ne dogo yake, nan ne kamfanonin ciniki suke, nan ne kuma mabiyansa suka fi yawa. Cocin garin sunan Fatima aka sa mata. Fatimar nan wani gari ne a Fotugal da Katolika suke kai wa ziyara, amma shi kansa garin daga zamanin da Musulmi suka mulki ƙasar ya gaji sunan, saboda haka kunnen Bazamfare bai ji shi baƙo ba. Lawton ya san fada ba ya wuce zaure, sai ya nemi mata daga wani gidan sistocin Dominik da ke garin Great Bend cikin Jihar Kansas. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta noman alkama da dawa, ba ma jihar da ta kai ta noman dawa a Amurka, sistocin kuma suna da asibiti da makarantar koyon jinya a garinsu. 'Yan ƙalilan daga cikinsu suka iso Gusau a 1956. Suka kama koyarwa, suka buɗe ɗakin shan magani da na haihuwa, daga baya aikin ya kai Yelwa ta ƙasar Yawuri, da Malumfashi ta ƙasar Katsina inda Maguzawa suke da yawa.

A nan ya kamata a ɗan zauna, domin ba za a gane nauyin ɗakin haihuwa ba sai an tuna yadda haihuwa take a gidan Bahaushe. Mace ita kaɗai take naƙudarta a ɗaki, a durƙushe, tana cije baki, domin raki abin gori ne, cikin fari kuwa abin kunya ne wanda ko ambatonsa ba ta yi. Ungozoma ba a kiran ta sai an sauka. Aikinta yanke cibiya, da binne mabiyiya, da wanke jariri. In naƙuda ta yi tsawo sai a karɓo rubutu, a jiƙa saiwa, in abin ya ƙi sai wata tsohuwa ko wanzami ya sa aska a yi yankan gishiri. Yarinyar da aka aurar tun ƙugunta bai gama buɗewa ba takan kwana biyu ko uku kan ɗa yana tokare, ɗan ya mutu a ciki, ita kuma in ta rayu ta tashi da yoyon fitsari, miji ya sake ta, dangi su ware mata kwano. Wadda jininta ya hau ta kama jijjiga sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi. Bayan haihuwa kuma ga wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ga kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi, ga kunun kanwa, waɗanda likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka nuna a shekarun 1970 suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da yake kama masu jego a wannan yanki. Bisa duk wannan, ko an ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ba mai fitar da mace daga gida sai mai gida ya ba da izini, shi kuwa yana iya kasancewa ya tafi cin rani.

Ba don a zubar da mutuncin iyaye da kakanni aka kawo wannan ba. Sun yi iyakar saninsu, kuma akwai abin kirki da yawa a cikin al'adar, kamar goyon ciki da hutun da ake ba mai jego, wanda matan Turai da yawa ba su samu. An kawo shi ne don a ga inda ramin yake. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya buga sakamakon a 1985. Abin da ya samu shi ne, matar da ta riƙa zuwa awo tun da ciki ƙarami ba kasafai take mutuwa ba, masu mutuwa galibinsu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su ranga-ranga bayan an gama gwada na gida, kuma mafi yawansu ba su taɓa shiga aji ba.

To, abin da ɗakin haihuwa irin na sistoci ya kawo ba wani injin mamaki ba ne. Awo ne na yau da kullum: a duba kwanciyar ɗa, a auna jini, a dubi ƙafa ko ta kumbura, a buɗe ido a ga ko jini ya yi ƙaranci, a ba da maganin zazzaɓi, a dafa almakashi kafin ya taɓa cibiya, a auna nauyin yaro wata-wata, a yi masa rigakafi. Sai kuma sanin lokacin da za a ce wannan ta fi ƙarfin nan, a ɗauke ta zuwa babban asibiti tun da sauran numfashi. Duk wannan yana cikin littafin kowace ungozoma ta zamani. Abin da ba ya cikin littafi shi ne, ita mai aikin a nan cikin harabar take kwana. Naƙuda ba ta san an tashi daga aiki ba, ta fi ma son tsakar dare. Mutumin da ya buga ƙofa da ƙarfe biyu na dare aka buɗe masa, aka karɓi matarsa ba tare da tsawa ba, kuma wadda ta karɓe ta mace ce, gobe shi ne zai gaya wa maƙwabcinsa a majalisa. Da haka amana take ginuwa, ba da shela ba.

Ba za a ɓoye ba, jama'a sun yi zargi, kuma zargin yana da tushe. Matan nan 'yan mishan ne, ba su taɓa musun haka ba, burinsu mutane su san addininsu. Sun kuma shigo ne a ƙarƙashin inuwar mulkin Turawa. Malamin da ya ce wa almajiransa magani tarko ne bai faɗi abin da su kansu 'yan mishan ba su yi muhawara a kansa ba. Sai dai tarihi ya nuna inda abin ya tsaya. A cikin Musulmi, mata sun karɓi magani sun koma gida da addininsu, aka yi suna ran bakwai, liman ya raɗa wa yaro Muhammadu ko A'ishatu. A cikin Maguzawa ne addinin ya sami shiga, har ya zama a 2023 da Rum ta yanke Katsina ta mai da ita yanki mai zaman kansa, ɗan ƙasar Malumfashi ne, Gerald Mamman Musa, aka naɗa bishop na farko. Ita ma cocin ta sake tunani. Babban taron da aka yi a Rum ya fitar da takarda a 1965 wadda ta ce Katolika su dubi Musulmi da girmamawa, kuma daga cikin limaman da suka yi aiki a wannan yanki akwai Joseph Kenny, wanda ya koyi Hausa da Larabci, ya yi shekaru yana koyar da ilmin addinin Musulunci a Jami'ar Badun.

Wajen makaranta kuwa ribar ba ta yaɗu kamar ta asibiti ba. Uban da zai kai matarsa awo ba lalle ne ya kai 'yarsa ajin da ake addu'ar Kirista da safe ba. Saboda haka 'ya'yan Sabon Gari ne suka fi cika benci, su ne suka zama malamai da ma'aikatan jinya, 'yar Bazamfare kuwa tana ɗauke da farantin talla. Wannan giɓi za a sake cin karo da shi nan gaba.

Shekarar 1966 ta kusa rushe aikin baki ɗaya. Tarzomar da ta biyo bayan juyin mulki ta taɓa Gusau kamar yadda ta taɓa sauran garuruwan dogo, aka kashe mutane, Ibo suka kwashe suka nufi Gabas, coci da aji suka zama fayau. Lawton, wanda aka naɗa bishop a 1964, ya rasu a watan Disamba na wannan shekara, Michael Dempsey ya gaje shi a 1967. Bayan yaƙin basasa kuma, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da asibitoci da yawa, shigowar baƙi 'yan mishan kuma ya ƙara wuya. Hukuma tana da hujjarta: ilmi da lafiya haƙƙin ɗan ƙasa ne, bai kamata a bar su a hannun baƙi ba, ga kuɗin man fetur ya shigo. Amma karɓar gini abu ne mai sauƙi, takarda ɗaya ta isa. Halin da yake sa a buɗe ƙofa da tsakar dare ba ya cikin kayan da ake ƙirgawa ranar miƙa makulli.

Abin da sistocin Kansas suka yi a wannan hali shi ne mafi hikima cikin duk ayyukansu. A 1973 suka fara karɓar 'yan mata 'yan Nijeriya suna horar da su a Gusau, ba don su zama reshen Amurka har abada ba, sai don su tsaya da ƙafarsu. Aka sa wa sabuwar ƙungiyar sunan Katarina ta Siyena, wata mata 'yar Italiya da ta rasu a 1380 tana da shekara 33, wadda aka san ta da jinyar masu annoba da kuma rubuta wa Paparoma wasiƙun gaskiya ba tsoro. Reno ya ɗauki shekara 34. A 2007 ƙungiyar ta sami cin gashin kanta a ƙarƙashin shugabanni 'yan ƙasa, gidanta na asali yana Gusau. Ita kuwa uwar ƙungiyar ta Great Bend, sistocinta sun tsufa, masu shiga sun yi ƙaranci, a 2009 ta haɗe da waɗansu gidaje shida suka zama ƙungiya ɗaya. Da sun riƙe kome a hannunsu, da aikin Gusau ya tsufa tare da su.

Yanzu sai a juyo kan ma'aikacin gwamnati. In an dubi alkawari ukun nan da idon mai tsara aiki, ba da idon malamin addini ba, za a ga kowannensu ya toshe wata kafa ce da ma'aikata suke zurarewa ta cikinta. Wadda ba ta tara dukiya ba ta da dalilin karkatar da magani zuwa kanti. Wadda ba ta da miji a birni da yara a makaranta ba ta roƙon a mai da ita hedkwata. Wadda ta yi alkawarin biyayya ba ta neman wani babba ya soke mata canjin wurin aiki. Ba wanda yake cewa ungozomomin gwamnati su daina aure, wannan ba addinin jama'a ba ne, ba kuma hankali ba ne. Malamar asibitin da ta ƙi zama a ƙauyen da ba ɗakin kwana, ba ruwa, ba tsaro, ga albashi yana makara, ba muguwa ba ce, mai iyali ce. Amma akwai abin da za a iya ara ba tare da an ari aƙida ba. Ba a tura sista ita kaɗai, sai su biyu ko uku, su ci tare, su karɓi juna in ɗaya ta gaji. Ba a tura ta sai an tanadi ɗakin da za ta kwana kusa da wurin aiki. Ba a ɗauke ta bayan wata shida, takan daɗe har ta ji harshen mutane ta san sunan kishiyoyi. Tun tana kan aiki kuma take renon wadda za ta gaje ta. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin sakataren ƙaramar hukuma.

Duk da haka, in an koma ga ma'aunin da aka ɗauka tun farko, dole a faɗi gaskiya: aikin sistoci bai iske yarinyar Gidan Goga ba. Ya bi dogo ne da kwalta, ya zauna inda Kirista suke da yawan da za su riƙe coci. Mutumin ƙasar Maradun da yake son ganin sista sai ya yi guzuri ya nufi Gusau, mai naƙuda kuwa ba ta da wannan lokaci. Matan nan ba su da yawa, kuɗinsu na sadaka ne, kuma ƙauyen da kowa Musulmi ne ba zai ba mishan fili cikin sauƙi ba. Wannan yanki na hukuma ne tun asali.

Hukuma kuwa ba za a ce ba ta zo ƙasar ba. Ta zo da babban aiki, madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978 don noman rani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, wadda kuma rigimar diyyar gonakinta ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980. Ta zo da tsare-tsaren lafiya bi da bi: na ƙananan asibitocin karkara a 1975, na kiwon lafiya matakin farko wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya tsaya a kansa daga 1985 zuwa 1992, da na tura ungozomomi ƙauyuka a 2009. Gine-gine sun tashi. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a shiyyar Arewa maso Yamma, cikin mata goma da suka haihu ba a cika biyu da suka haihu a asibiti ba. Daɗa sai ga bindiga ta shigo. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da ashirin a yankin Gidan Goga. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara, a watan Satumba na shekarar kuma aka kwashi ɗalibai fiye da saba'in a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. A irin wannan hali baƙuwa ba za ta zauna ba, sista ce ko ma'aikaciyar gwamnati.

Wadda za ta zauna a Gidan Goga ita ce wadda aka haifa a Gidan Goga, wadda uwarta da mijinta da gonarsu suke can. Abin da Nana Asma'u ta yi ke nan da ta naɗa jaji daga cikin matan ƙauye, abin da sistoci suka yi ke nan a 1973. An ma gwada shi a zamanin nan. Daga 2012 zuwa 2020 wani shiri da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa a Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe ya riƙa sa mutanen gari su zaɓo 'yarsu, a ba ta shekara guda ta share fage, sa'an nan ta shiga makarantar ungozoma bisa sharaɗin ta koma garinsu ta yi aiki. Dalilin shekarar share fagen kuwa shi ne giɓin nan da aka ambata ɗazu. Makarantar ungozoma tana neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, yarinyar ƙauye kuwa sau da yawa ba ta taɓa ganin malamin kimiyya ba, in ma an bar ta ta gama sakandare. Saboda haka fayil ɗin malamin kimiyya na makarantar 'yan mata, da fayil ɗin ɗakin kwanan ungozoma, da fayil ɗin tsaron hanyar Maradun, ko da yake a ma'aikatu uku suke kwance, maganar yarinya ɗaya suke yi, waɗansu daga cikin masu sa musu hannu kuwa suna zaune a wannan zaure.